Masu rawani a ɗakin takalma: tafiyata zuwa Amritsar

Jinya ce ta kai ni Indiya, na raka Yayana asibiti a Delhi. Da jiki ya yi sauƙi, likitoci suka ce sai ya huta kafin ya hau jirgi, shi da kansa ya ce in fita in ga ƙasa. Na zaɓi Amritsar, a jihar Punjab, tafiyar kusan awa shida a jirgin ƙasa na Shatabdi, wajen kilomita 450. Tun daga Ludhiana gonakin alkama suka shimfiɗu iya ganinka, kuma kowace tasha muka tsaya sai masu rawani su ƙaru, shuɗi, ruwan goro, baƙi, ja.

Mu a gida mun san fuskar waɗannan mutane a finafinan Indiya, amma da yawanmu ba mu san su wane ne ba. Wasu suna ɗaukarsu Musulmi saboda gemu da rawani, wasu suna haɗa su da 'yan Hindu. Addininsu daban ne, sunansa Sikh. Guru Nanak ne ya kafa shi (Guru na nufin malami jagora), wanda aka haifa a 1469 a wani gari da yanzu yake cikin Pakistan, kuma mabiyansa a duniya sun haura miliyan 25, mafi yawansu a Punjab.

Kafin ka shiga Harmandir Sahib, ɗakin ibadarsu mai rufin zinare, dole ka cire takalmi, ka rufe kai, ka taka cikin ruwa mai gudu ka wanke ƙafa. Taba sigari ko a aljihu ba ta shiga, don haramun ce a wurinsu. A wurin ajiye takalma na fara tsayawa da mamaki. Wanda ya karɓi nawa dattijo ne mai farin gemu, rawaninsa tsaf, agogon hannunsa ba na talaka ba ne. Ya karɓa da hannu biyu, ya miƙo mini lamba. A bayansa wasu suna zaune suna goge ƙurar takalman mutanen da ba su taɓa gani ba. Ba wanda ya ɗauke su aiki, ba a biyansu ko kobo. Suna kiran wannan hidima sewa, kuma a wurinsu ibada ce.

Ana sauka matakala ne a shiga harabar. Tafki ne babba mai kusurwa huɗu, farin dutse ya kewaye shi, ɗakin yana tsakiyar ruwa, siririyar gada ta kai gare shi. Guru na huɗu, Ram Das, shi ya kafa garin, aka haƙa tafkin a zamaninsa. Na biyar, Arjan, ya gina ɗakin ya yi masa ƙofa huɗu, alamar cewa mutum ya zo daga kowace fuska, kowane ne shi. Zinaren daga baya ya zo, a zamanin sarkin Punjab, Maharaja Ranjit Singh, wajen 1830. Yana da kyau ƙwarai, musamman da yamma, amma ba shi ya riƙe ni ba.

Kicin ɗinsu ne ya riƙe ni, wanda suke kira langar. Ba a rufe shi dare da rana, kuma kullum dubun dubatar mutane ke cin abinci a nan kyauta, ranar biki har kusan mutum 100,000. Kana shiga wani zai miƙa maka faranti, wani kwano, wani cokali. A babban zaure kowa ya zauna a ƙasa bisa doguwar shimfiɗa, sahu sahu. A damana wani mai kwat ne, a haguna wani tsoho da ƙafarsa ta tsattsage da faso. Masu rabo suna bi da bokiti: miyar wake, shinkafa, kunun madara mai zaƙi, sai gurasarsu da suke kira roti, wadda za ka tara hannu biyu a ajiye maka. Babu nama, don kowa ya iya ci ko mene ne addininsa. Ba wanda ya tambaye ni daga ina nake, balle me nake bautawa. A ƙasar da aka daɗe ana raba mutane da asalin haihuwa, har wani ba ya shan ruwa a kofin wani, wannan zama ba ƙaramin abu ba ne, kuma da gangan Guruwan suka kafa shi tun ƙarni na 16.

Da na gama ban iya tafiya haka kawai ba. Na bi sahun masu wanke-wanke, inda ƙarar faranti ba ta barin ka ji maganar na kusa da kai, daga nan na koma wurin masu ɓare tafarnuwa. A nan na sake haɗuwa da dattijon ɗakin takalma. Tsohon injiniya ne, yana jin Turanci, yana kirana "ɗana", ni kuma ina ce masa Baba. Na tambaye shi abin da ke raina: a ƙasarmu rawani na sarakuna ne da manyan malamai, ba a ganin mai rawani da takalmin wani a hannu. Ya ce a Punjab ma haka abin yake a da, rawani da takobi da doki na manya ne. A 1699, a garin Anandpur, Guru na goma, Gobind Singh, ya kafa jama'ar Khalsa, ya ɗora wa manomi da wanzami da mai ɗibar ruwa wannan martaba. Maza suka ɗauki sunan Singh, mata Kaur, don sunan dangi ya daina nuna wane ne babba. Ya lissafa mini abubuwa biyar da wanda ya yi mubaya'a ba ya rabuwa da su: gashin da ba a askewa, ɗan matajin katako, awarwaron ƙarfe, gajeren wando, da wuƙa a kube don kare wanda aka zalunta. Ya ce mai rawani ba ya ɓuya a cikin taro, saboda haka duk mai neman taimako ya san wurin wa zai nufa.

Rayuwar ɗan Sikh, in ji shi, kan abu uku take: ambaton Ubangiji, cin gumin kai ta hanyar halal, da raba abin da aka samu. Ɗaya bisa goma na abin hannunsu suke fitarwa, kuma da shi ake sayen wannan garin alkama da muke gani buhu buhu.

Sun yarda Ubangiji ɗaya ne, ba shi da siffa, ba a haife shi ba, kuma babu gunki ko ɗaya a ɗakin. Abin da ke ciki littafinsu ne, Guru Granth Sahib, mai shafi 1,430, wanda tun rasuwar Gobind Singh a 1708 suka riƙe shi a matsayin jagora. A cikinsa akwai baitocin Shehu Farid, sufi Musulmi, kuma abokin tafiyar Nanak na tsawon shekaru, Mardana, Musulmi ne. Duk da haka tsakaninmu akwai rata mai faɗi. Sun yarda rai yana sake dawowa duniya, suna ƙona gawa, ba sa cin yankan Musulmi. Suna sa goshi a ƙasa gaban littafin, ni kuwa na tsaya a tsaye da ladabi na wuce, ba wanda ya harare ni. Da lokacin salla ya yi na fita zuwa masallacin Khairuddin da ke Hall Bazaar.

Tarihinmu Musulmi da su yana da ciwo, kuma Baba bai ɓoye mini ba. An kashe Guru Arjan a 1606 zamanin Sarki Jahangir, an fille kan Guru Tegh Bahadur a Delhi a 1675 zamanin Aurangzeb, dukansu sarakunan Musulmi ne na daular Mughal. Amma a bakinsa kuma na ji labarin Bhai Kanhaiya, wanda yake bin filin yaƙi da salkar ruwa yana shayar da waɗanda suka ji rauni, nasu da na abokan gaba, aka kai ƙararsa, Guru Gobind Singh ya ƙara masa da maganin shafawa. Ciwon baya bayan nan daga gwamnatin ƙasarsu ya zo: a Yunin 1984 sojoji suka shiga wannan haraba da tankoki don fitar da masu ɗauke da makamai, ginin Akal Takht, mazaunin shugabancin addininsu, ya lalace, mutane da yawa suka mutu. A Oktoba masu gadin Firayim Minista Indira Gandhi, 'yan Sikh biyu, suka harbe ta, sai aka far wa 'yan Sikh a Delhi aka kashe kusan 3,000 cikin 'yan kwanaki.

Iyayen Baba daga wajen Lahore suka yi hijira a 1947, lokacin da aka raba Punjab biyu tsakanin Indiya da Pakistan, nisan da bai wuce kilomita 50 daga inda muke zaune ba. Kartarpur, inda Nanak ya yi noma har ya rasu a 1539, ita ma ta faɗa ɓangaren Pakistan, sai a Nuwamban 2019 aka buɗe wa masu ziyara hanya ta musamman. Ya ce ya je da jikokinsa, kuma Musulmin can ne suka tarbe su da shayi. Ya tambaye ni jikin Yayana, ya ce in gaishe shi, sannan ya tashi don lokacin komawarsa ɗakin takalma ya yi, ni kuma na nufi tasha.