Wasiƙa daga Aberdeen: abin da ya kai ni tsibirin Unst ni kaɗai

Assalamu alaikum jama'ar gida, manya da ƙanana. Ina fatan kuna lafiya, damina kuma ta yi albarka.

Tun da na sa hotunan tsibirin Unst a Facebook saƙonni suke ta shigowa, kuma kusan duk tambayar guda ce: me ya kai ka can, kuma me ya sa kai kaɗai? Har Gwaggo ta aiko a tambaye ni ko lafiya. Na san kulawa ce ta kawo tambayar, shi ya sa na ga ya kamata in zauna in ba ku amsa a tsanake.

Unst yana cikin tsibiran Shetland ne, can arewa da Sikotlan. Tsibiran sun kai kusan 100, amma 16 kawai mutane ke zaune a cikinsu, jama'arsu duka wajen 23,000. Daga nan Aberdeen, birnin da nake zaune a Sikotlan, jirgin ruwa yakan tashi da yamma, a kwana a kan teku kamar awa 12, a wayi gari a Lerwick, babban garinsu. Daga nan sai mota ta yi arewa da kai, a tsallaka ruwa zuwa tsibirin Yell, a ratsa shi, a sake tsallakawa zuwa Unst. Mutanensa ba su wuce 600 da 'yan kai ba, kuma babu wani tsibiri da ake zaune a kansa a Birtaniya da ya fi shi nisa a arewa. Sunayen ƙauyukansu ba su yi kama da na Ingila ba, saboda tsibiran suna hannun sarkin Denmak da Norwe ne har shekarar 1469, lokacin da Sarki Christian na ɗaya ya jinginar da su ga Sikotlan a madadin kuɗin da ya yi alkawari a auren 'yarsa Margaret da Sarki James na uku. Ba a biya kuɗin ba, jingina ta zauna.

Wurin da ya fi kama zuciyata shi ne Hermaness, ƙarshen tsibirin ta arewa. Hanyar tana bi ta cikin fadama mai baƙar ƙasa, irin wadda suke yankawa su shanya su yi makamashi da ita. An shimfiɗa wata doguwar hanya kamar ta katako a kai, don kada ƙafa ta nutse kuma kada a tattake sheƙar tsuntsaye. Babu bishiya ko ɗaya. Iska ba ta barin komai ya yi tsayi, sai ciyawa da tumaki. A wannan fili ne wani ƙaton tsuntsu mai ruwan ƙasa da suke kira bonxie yake ƙwai. Idan ka matso kusa da sheƙarsa zai taso daga nesa, ya yi ƙasa-ƙasa, ya nufo kanka kai tsaye har ka ji iskar fiffikensa a kunnenka. Dabarar da mutanen wurin suka koya mini ita ce in ɗaga sandata sama da kaina in ci gaba da tafiya, shi kuwa sandar zai nufa.

Kana cikin tafiya sai ƙasa ta ƙare. Gaɓar dutse ce a miƙe, a wani wurin tsayinta ya kai mita 170, teku na dukanta a ƙasa. Kafin ka ga tsuntsayen sai ka fara jin warin kashinsu da hayaniyarsu. Dubban fararen tsuntsaye masu baƙin bakin fiffike sun rufe duwatsu, suna tashi sama su naɗe fiffike su faɗa ruwa a tsaye su fito da kifi. Kusa da ƙafarka kuma ga wasu 'yan ƙanana masu jan baki, suna fitowa daga ramukan da suke ƙwai a ciki, su tsaya suna kallonka ba tsoro. Masu kula da wurin sun ce mini da can sun fi haka yawa, murar tsuntsaye ta 2022 ta yi musu ɓarna ƙwarai, musamman bonxie. Can gaba a kan wani dutse a tsakiyar ruwa akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Muckle Flugga, wadda ta fara aiki a 1858. Mutane sun zauna a kanta suna kunna fitilar har 1995, sannan aka bar wa na'ura. Bayanta akwai wani ɗan dutse, Out Stack, shi ne iyakar Birtaniya.

A nan na yi alwala da ruwan wata 'yar ƙorama, launinsa kamar shayi saboda ƙasar da ya ratso, sanyinsa har cikin ƙashi. Na shimfiɗa rigar ruwata, na ɗora duwatsu a gefenta don kada iska ta ɗauke, na fuskanci kudu maso gabas na yi La'asar. Allah ya ce a cikin Suratul Ankabut mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ya fara halitta. Na daɗe da haddace ayar, amma a wannan wuri na ji nauyinta. A gari aiki da waya da surutu ba sa barin mutum ya ji zuciyarsa. Ko da aboki kake tafe hira za ku yi ta yi, ku wuce abu ba ku gani ba. Wannan natsuwar ita ce abin da nake nema, ba wani abu ba.

Sallar dare kuwa tana da nata hukunci. A watan Yuni rana tana yin kusan awa 19 a sama, idan ta faɗi ma shafaƙi ba ya ɓacewa har alfijir ya keto, za ka iya karanta takarda a waje da tsakar dare. Malamai sun ce a irin wannan wuri ƙaddara lokacin Isha ake yi, suna kafa hujja da hadisin Dujal, inda aka umarci sahabbai su ƙaddara wa doguwar rana lokutanta. Sun saɓa a kan yadda za a yi lissafin. Ni dai tsarin da masallacinmu na nan yake bi nake bi.

Yanzu ga maganar da wani malaminmu ya aiko mini, kuma ita ce ta fi kowace nauyi. Ya tuna mini hadisin da ke cikin Bukhari, cewa da mutane sun san abin da ke cikin kaɗaici da matafiyi bai yi tafiyar dare shi kaɗai ba. Na karɓi wannan da hannu biyu. Ba na tafiyar dare, kuma ba na fita sai na rubuta wa matar da nake sauka a gidanta hanyar da zan bi da lokacin da zan dawo. Idan lokacin ya wuce ta san ta kira 999 ta nemi masu ceto na bakin teku. Idan ta leƙa sama ta ce yau ba ranar dutse ba ce, to na fasa, ko da kuwa rana tana haskawa. Hazo yakan taso daga teku cikin 'yan mintuna ya rufe komai, ga ciyawa mai santsi, ga rami a gabanka, waya kuma ba ko'ina take samun sabis ba. A guguwar daren sabuwar shekarar 1992 baƙi biyu sun rasa rayukansu a nan Hermaness, iska ta tarwatsa 'yar bukkar da suka kwana a ciki. Duk mutanen Unst sun san wannan labari, kuma ba da wasa suke ba da shi ba. Don haka a jakata kullum akwai taswirar takarda da kamfas, da rigar ruwa, da ƙarin rigar sanyi, da dabino da shayi mai zafi. Ba na matsawa bakin dutse don hoto.

Kun ga ke nan ƙafata ce kawai take ita kaɗai, amma a cikin amanar mutane nake tafiya. Dokar Sikotlan ta 2003 ta ba kowa damar ratsa fili da tudu, har ya kafa tanti ya kwana, da sharaɗin kada ya yi ɓarna. Ka rufe ƙofar shinge idan ka wuce, kada ka firgita tumaki lokacin haihuwa, kada ka bar shara. A bakin hanya za ka tarar da ɗan firiji cike da kek da ƙwai, ga farashi a rubuce, ga gwangwanin kuɗi, babu mai tsaro. Ka ɗauka ka saka kuɗin. Wannan ya tuna mini tsofaffinmu da suke ajiye randa da moɗa a ƙofar gida don matafiyi. Za ka kuma ga kufai da yawa, bangayen dutse ba rufi. Wasu gidajen talakawa ne da masu ƙasa suka tasa a ƙarni na 19 don su sami wurin kiwon tumaki. Ba na wuce su da sauri, domin an haifi mutane a ciki, an yi girki, an yi jana'iza.

Ga ƙannena ɗalibai da ma'aikata da ke Birtaniya waɗanda suka ce suna sha'awa: ku zo tsakanin Mayu da Yuli, lokacin tsuntsaye suna nan kuma rana tana da tsawo. Ku nemi wurin kwana da gurbin jirgi tun da wuri, saboda masauki kaɗan ne a Unst. Ku sayi takalmi mai kyau ku saba da shi kafin tafiya. Wanda bai taɓa hawan tudu ba ya fara da abokin tafiya, babu kunya a cikin haka.

Baɗi idan Allah ya kai mu ina da niyyar zuwa Foula, wani tsibiri a yamma wanda mutanensa ba su kai 50 ba, inda iska kan hana jirgi zuwa kwana da kwanaki. Ku sa ni a addu'a. A gaida Gwaggo, a ce mata lafiyata ƙalau, kuma zan kira ta ranar Juma'a bayan an sauko.

Wassalam,
ɗan uwanku a Aberdeen.