Auna kaurin tutiya a kwanon rufi da leza

Yawancin aikin da ake kawo mana kwanon rufi ne, kuma tambayar ɗaya ce: tutiyar da ke kansa ta kai abin da aka rubuta? Alamar Z275 da ake rubuta wa kwano na nufin giram 275 na tutiya a kowace murabba'in mita, fuska biyu a haɗe, wato kaurin kusan maikiron 20 a kowace fuska (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Ma'aunin maganaɗisu yana da arha, amma in kwano mai fenti ne sai ya haɗa fenti da tutiya ya ba ka jimla. Nan LIBS take shigowa, wato dabarar harba leza a kan abu a gane sinadaransa daga hasken tartsatsin da ya tashi.

Muna yanko ɗan guntu, mu goge maiƙo, mu ɗaure shi a kwance. Leza irin ta Nd:YAG mai tsawon zangon haske nanomita 1064 takan harbi wuri guda sau da yawa. Kowane harbi yana ƙone ɗan siririn ruɓi ya zama tartsatsi, na'ura ta jira kamar maikirosakan ɗaya, hasken farko mai dusashe komai ya lafa, sannan ta karanta. Kowane sinadari da layin haskensa: tutiya tana fitowa a nanomita 481.05, ƙarfe a 404.58, alminiyam a 396.15. Farin fenti taitaniyam yake nunawa. In alminiyam ya yi ƙarfi tun daga sama, aluzinc ne, mai kashi 55 cikin ɗari na alminiyam.

Inda ake tafka kuskure shi ne ƙirga harbi a ce kauri ne. Tutiya na narkewa a digiri 420 na Salshiyas, ƙarfe sai 1538, don haka cin da leza ke yi musu ba ɗaya ba ne. Dole a fara da kwanon da aka san kaurinsa, wanda aka auna nauyinsa, aka cire tutiyar da asid, aka sake aunawa. Ga kuma siffar ramin. Hasken ya fi zafi a tsakiya, ramin sai ya fito kamar mazurari: tsakiya ta riga ta taɓa ƙarfe, gefe yana ta zubo tutiya. Mai gaggawa sai ya rubuta kauri fiye da gaskiya, dillali kuwa haka yake so. Mu muna ɗaukar iyaka a inda hasken tutiya ya sauka rabi.

Layin tutiya na nanomita 213.86 kada a dogara da shi, tururin tutiyar kan shanye haskensa. A auna wurare da dama a fuskokin biyu, don wani kwanon bayansa aka rage wa shafi.