Idan SolrCloud ya ƙi buɗe sabon kundi, kada ka yi saurin sake aika umarnin

Kuskuren da ya fi cin mana lokaci a harkar SolrCloud, wato manhajar bincike ta Solr da ke gudana a kan gungun sabobi (servers), shi ne gaggawa. Ka aika umarnin CREATE domin a buɗe sabon kundi, wato abin da Solr ke kira collection, sai amsa ta dawo da kuskure, kai kuma ka sake aikawa, ka sake, daga nan ka kashe sabobin ka kunna. Mun yi haka, kuma abin da ya jawo shi ne matsala ɗaya ta zama uku. Ƙannena masu shigowa wannan aiki, ku fara fahimtar hanyar da umarnin ke bi kafin ku taɓa komai.

Sabar da ka aika wa umarni ba ita ke yin aikin ba. Tana ajiye shi ne a layi cikin ZooKeeper, manhajar da ke riƙe saituna da bayanan gungun, sai sabar da aka zaɓa a matsayin Overseer ta ɗauka, ta lissafa inda kowane yanki (shard) na kundin da kowane kwafinsa (replica) zai zauna, sannan ta umarci sauran sabobin kowace ta buɗe nata kason. Saboda haka saƙon da ya dawo maka na ɗan aike ne. Idan ka ga "Underlying core creation failed while creating collection", abin da aka faɗa maka kawai shi ne wata saba ta kasa. Dalilin yana cikin solr.log na waccan sabar, wanda yawanci ke /var/solr/logs idan da rubutun girkawa na Solr aka kafa ta. Buɗe log ɗin kowace saba, duba daidai minti ɗin da ka aika umarnin, ka nemi layin "Caused by" na ƙarshe. Nan gaskiyar take.

Mafi yawan abin da za ka tarar a wurin matsalar saituna ce. A SolrCloud, solrconfig.xml da fayil ɗin tsarin filaye ba daga faifan saba ake karanta su ba, daga ZooKeeper ne, ƙarƙashin /configs. Mun sha gyara fayil a kan faifai, mu sake gwadawa, kuskuren na nan daram, saboda ba mu tura gyaran da bin/solr zk upconfig ba. Bayan ka tura, sauko da shi da downconfig zuwa wani wuri daban ka kwatanta. Minti biyu ne, kuma zai tabbatar maka abin da Solr ke gani ke nan. Ka kuma rubuta collection.configName da hannunka a cikin umarnin. Tun daga Solr 7, idan ba ka ambaci sunan saituna ba, sai ya kwafi _default ya ba kundin, kundin ya buɗe lafiya lau, amma ba da filayenka ba. Wannan ya fi kuskure bayyananne muni, domin sai ka fara zuba bayanai za ka gane.

A cikin saitunan kansu, abu biyu ne ba a wasa da su: filin _version_ a tsarin filaye, da updateLog a solrconfig.xml. Wanda ya kwaso tsoffin saituna daga Solr mai saba ɗaya yakan rasa ɗayansu. Sai kuma "Error loading class", wanda ke nufin saitunan sun ambaci wani aji na Java da babu fayil ɗin jar da ke ɗauke da shi. Lura da kyau a nan: jar ɗin dole ya kasance a kan kowace saba, ba wadda kake zaune a kanta kaɗai ba. Idan sabobi uku ne, biyu suna da shi ɗaya ba ta da shi, umarnin zai yi nasara wata rana ya faɗi wata rana, gwargwadon inda Overseer ya jefa kwafin. Masu hawa Solr 9 su sani an cire DataImportHandler, mai shigo da bayanai daga waje, daga cikinsa, kuma abubuwa irin su masu tace rubutu na ICU sai an kunna su ta SOLR_MODULES=analysis-extras.

Akwai kuma iyakar girman fayil. ZooKeeper ba ya karɓar abin da ya haura kusan megabait 1 a wuri ɗaya, iyakar da ake kira jute.maxbuffer. Babban jerin kalmomi masu ma'ana ɗaya kan wuce wannan, turawar ta yanke a tsakiya, saitunan su zauna rabi da rabi. In za ka ɗaga iyakar, ka ɗaga ta a sabobin ZooKeeper duka da na Solr duka da adadi ɗaya. Ni dai na fi son a raba fayil ɗin gida-gida, domin ba don manyan fayiloli aka gina ZooKeeper ba.

Lissafin gurbi kuwa ba shi da wuya. A Solr 8 da na baya, maxShardsPerNode, wato iyakar gurbin da kundi zai samu a saba ɗaya, yana kan 1 idan ba ka canza ba. Yanki 2 da kwafi 2 na buƙatar gurbi 4. Sabobi 2 masu rai suna ba da gurbi 2 kacal, sai a ƙi. An cire wannan saitin a Solr 9. Amma kafin ka ɗaga lambar, tambayi kanka ko sabobin da kake zato suna raye duka suna raye.

Wannan tambaya ita ke kai mu ga /live_nodes, jerin sabobi masu rai da ke cikin ZooKeeper, kuma nan ne nake so ku daɗe. Buɗe shi ka karanta sunayen da idonka. Abin da ya kamata ka gani shi ne adireshin da sauran sabobi za su iya kaiwa, da tasha 8983. Idan ka ga 127.0.1.1:8983_solr ko localhost, to wannan saba ta yi rajista da sunan da ita kaɗai ta san shi. Duk wadda ta neme ta da shi kanta za ta kira. Gyaran shi ne SOLR_HOST a cikin solr.in.sh. A Solr 9 akwai ƙarin tarko: daga farko yana sauraron 127.0.0.1 ne kawai, sai ka saita SOLR_JETTY_HOST kafin wata na'ura ta iya isa gare shi. Idan kuma wata saba ba ta cikin jerin sam alhali tana aiki, kwatanta ZK_HOST ɗinta da na 'yan'uwanta harafi da harafi. Wadda aka manta wa /solr a ƙarshen adireshin, alhali sauran suna da shi, ta kafa nata gungun ita kaɗai. Wadda aka tayar da -c, wato a yanayin SolrCloud, ba tare da adireshin ZooKeeper ba, ta kunna nata na cikin gida a tasha 9983, shafinta zai nuna komai kore, amma ba ta tare da kowa. In kun kunna SSL, ku sa urlScheme ya zama https ta CLUSTERPROP tun kafin buɗe kundi na farko, in ba haka ba sabobin za su riƙa kiran juna da http.

Shi kansa ZooKeeper sai da rinjaye yake aiki. Guda 3 suna jure mutuwar 1, guda 5 suna jure 2, guda 2 kuwa ba sa jure ko ɗaya. Aika umarnin mntr zuwa tasha 2181 ta kowannensu, ka tabbata akwai shugaba ɗaya, sauran mabiya ne.

Saura kuskuren da ke cewa lokaci ya ƙare bayan daƙiƙa 180. Wannan ba ya nufin aikin ya mutu. Mai jiran amsa ne ya gaji. Wataƙila Overseer na can yana yi, ko layinsa ya cushe, ko kuma Java ta tsaya share ƙwaƙwalwa har zaman sabar da ZooKeeper ya yanke, abin da ke yawan faruwa ga wanda ya bar ƙwaƙwalwar a kan megabait 512 na asali. Idan ka sake aika CREATE a wannan hali, ka ƙara kaya ne a kan layin da ya riga ya toshe. Duba OVERSEERSTATUS tukuna. Don gaba kuma, riƙa haɗawa da async da lambar shaida, ka bi sawun aikin da REQUESTSTATUS.

Yunƙurin da ya faɗi yakan bar tarkace: suna a ƙarƙashin /collections, ko babban fayil mai core.properties a /var/solr/data, ko write.lock. Su ne ke haifar da "already exists" a gwaji na gaba. Fara da DELETE ta hanyar Collections API, ko da kundin bai bayyana a shafi ba. Sai idan ya ƙi, sannan ka tsayar da sabar, ka matsar da babban fayil ɗin zuwa wani wuri maimakon gogewa. Goge abu da hannu a cikin ZooKeeper alhali sabobi na aiki mun gwada shi, kuma ya bar mu da kwafin da ke kan faifai amma gungun bai san da shi ba. Yayin da kake cikin wurin, duba mamallakin fayilolin da ls -l: in an taɓa tayar da Solr da root ko sau ɗaya, asusun solr ba zai iya rubutu a can ba sai ka mayar masa da chown. Ka kuma duba ulimit -n, wato iyakar fayilolin da za a iya buɗewa a lokaci ɗaya, domin Solr na neman 65000, kuma idan ba ta kai haka ba yana gargaɗi duk lokacin da ya tashi.