Albasa Kilo Biyu a Birnin Napoli

Na bar Roma da safiyar Asabar a jirgin ƙasa mai gudu, kuma cikin awa ɗaya da 'yan mintuna muka isa babbar tashar Napoli, inda wani abokina da muka yi karatu tare yake jirana. Tun kafin mu fita daga tashar ya shaida mini cewa kakarsa ta yi alkawarin dafa mini genovese, wato wata miyar albasa da nama da ake ci da taliya, domin cin ranar Lahadi, kuma a gidansu ba a yi wa baƙo karamcin da ya wuce wannan.

Da yake tsohuwar ta ji cewa ni Musulmi ne, ta ce a sayo naman wajen wani mahauci Musulmi da ke kusa da dandalin Garibaldi, ta kuma yarda ta bar farar giya da kitsen alade da wasu gidaje kan zuba. Muka sayi kilo ɗaya na naman sa, curi guda, sannan muka nufi kasuwar Pignasecca neman albasar garin Montoro, wadda ɓawonta ke da launin jan ƙarfe. Mai albasar da ya ji ni ɗan Najeriya ne sai ya ɗaga hannu yana kiran Osimhen, domin 'yan Napoli ba su manta da kofin gasar ƙwallon ƙafa ta Italiya da ya taimaka suka ɗauka a 2023 ba, bayan shekara 33 suna jira. Da abokina ya ce a auna kilo biyu, na ɗauka har da ta ajiya, ashe duk tukunya ɗaya za ta shiga.

A wajenmu albasa mataimakiya ce, ko ta Aliero ce ko ta Galmi, tumatir da attarugu ne ke jan ragamar miya. A wannan girkin kuwa albasar ita ce miyar gaba ɗaya. Da la'asar muka zauna mu uku muna yanka ta siri-siri, hawaye na zuba, tsohuwar tana yi mini dariya. Ta ɗauko wata tukunyar ƙasa da gindinta ya yi baƙi, wadda ta ce ta mahaifiyarta ce, ta zuba man zaitun, ta soya naman har kowane gefe ya yi ja, ta ƙara ɗan karas da seleri, sannan ta tula albasar har murfi ya ƙi zama daidai. Na miƙa mata kofin ruwa da niyyar taimako, sai ta ture hannuna ba tare da ta dube ni ba. Ruwan da albasar ke fitarwa shi ne zai dafa naman.

Daga nan sai jira. Wuta ƙasa-ƙasa, tukunyar tana ɗan ɓulɓula, ita kuma tana leƙawa jefi-jefi ta juya da cokalin katako. Ba ta da ma'auni ko rubutu. Ta ce tun tana yarinya take tsayawa gefen mahaifiyarta, kuma launi ne ke gaya mata lokaci. Bayan kusan awa uku ta sauke, da safe ta mayar na wasu awa uku, har tulin albasar nan ya narke ya koma kamar zuma mai duhu.

Na tambayi dalilin sunan genovese, wato na Genova, tunda birnin Genova yana can arewacin Italiya. Abokina ya ce wasu masu dafa abinci ne 'yan Genova suka yi zama a bakin tashar jiragen ruwa, kawunsa kuma ya rantse laƙabin wani kuku ne. Tsohuwar ba ta sa baki ba, sai ta ba ni dogayen taliyar ziti in kakkarya da hannu.

An fara kawo taliyar da miyar albasa da cuku, naman ya biyo baya shi kaɗai, yana rabewa da cokali. Zaƙinsa ya ba ni mamaki, kuma gaskiya harshena ya nemi yaji, amma da na dubi fuskar tsohuwar sai na bar ƙullin yajina a aljihu, na miƙa faranti a ƙara mini.