A ci ko kar a ci? Gwajin sugan masu ciki da na yi a Manchester

Mun iso Manchester a watan Satumban 2023, ni da maigida da yara biyu, shi da takardar karatun digiri na biyu, mu kuma a matsayin iyalinsa. Da mun ƙara jinkiri kaɗan da ba mu samu shiga ba, domin daga Janairun 2024 gwamnatin Birtaniya ta hana masu irin karatunsa tahowa da mata da 'ya'ya. Kafin a buga mana biza sai da muka biya kuɗin lafiya na kowa, har na ƙaramin da bai iya magana ba, kuma kuɗin ya ci rabin filin da maigida ya sayar. Saboda haka da ciki ya zo a shekara ta gaba ban ji nauyin zuwa asibiti ba ko kaɗan. Ai mun biya.

Awon ciki a nan ungozoma ce ke riƙe da shi, likita sai in da dalili. Zaman farko, wanda ake yi kafin ciki ya wuce mako 10, ya kai awa guda, kuma yawancinsa tambayoyi ne. A Zariya na saba a auna nauyi, a duba hawan jini, a tsoma 'yar takarda a fitsari, a ce Allah ya raba lafiya. Nan kuwa sai da aka bi dangina ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan ciwon suga na ce Innarmu na shan magani shekara da shekaru, sai ta ce za a yi min gwaji tsakanin mako 24 da 28. Ba kowace mai ciki ake kira ba a tsarinsu. Ana kiran wadda uwa ko uba ko ɗan'uwanta na jini ke da ciwon, da wadda ta taɓa haihuwar jariri mai kilo 4.5 ko fiye, da wadda ƙibarta ta wuce 30 a ma'aunin da ke haɗa tsawo da nauyi, da wadda ta taɓa samun suga a wani cikin. Sai kuma asali: baƙar fata, da 'yan kudancin Asiya, da 'yan Gabas ta Tsakiya, duk suna cikin waɗanda ciwon ya fi kamawa. Wannan na ƙarshen ya ɗan sosa min rai, ta kuma gani a fuskata. Ta yi dariya ta ce iyayenta daga Pakistan suka zo, ita ma duk cikin da ta yi sai da ta sha ruwan sukarin nan.

Wasiƙar ta zo a farkon Disamba. Ta ce kada in ci komai daga ƙarfe goma na dare, ruwa zalla kawai aka yarda in sha, in zo ƙarfe takwas da rabi na safe, in kuma shirya zaman sama da awa biyu. A ƙasa an rubuta cewa kada a zo da yara.

Daga nan wayoyi suka fara. Yayata da ke aure a Houston ta Amurka, wadda ta haihu uku a can, ta ce, "Wane irin kwana da yunwa? Ni da ƙwai da biredi na karya, na je na sha abin, bayan awa ɗaya suka ɗebi jini na kama gabana. Ke dai kar ki sha abu mai zaƙi da safen." Ba ƙarya ta yi ba. A Amurka yawancin asibitoci mataki biyu suke bi. Na farko tacewa ce kawai: giram 50 na gulukos, a ɗebi jini bayan awa ɗaya, ba ruwansu da ko kin ci ko ba ki ci ba. Sai wadda lambarta ta haura iyakar da asibitin ya sa, tsakanin 130 da 140, ake dawo da ita gwaji na biyu, na giram 100 da zaman awa uku, kuma wannan da yunwa ake zuwa. Yaya ba ta taɓa kaiwa na biyun ba, don haka a saninta gwajin suga ba shi da wata alaƙa da yunwa. Ingila kuwa kai tsaye take zuwa gwaji guda na giram 75, kuma jinin farko da ake ɗiba kafin a sha komai shi kansa rabin hukuncin ne. Wadda ta karya kumallo ta ɓata wannan rabin, sai a sake ba ta wata rana.

Inna ta wata hanyar ta ɓullo. Da farko faɗa ta yi: "Mai ciki wata shida a ce ta kwana ta wuni ba ci? Su Turawan nan ba su da iyaye ne?" Da na ce mata zuwa sha ɗaya na safe an gama, sai ta koma shawara. In bar shinkafa da tuwo na mako guda, in riƙa shan ruwan shuwaka da dafaffen zogale, in Allah ya yarda ba za su ga komai ba. Na san daga ina maganar ta fito. Ta ga abin da ciwon ya yi wa ƙafar ƙanenta, ba ta son a ambaci sunansa a kan 'yarta da ke wata uwa duniya.

Ta uku ita ce Anti, wata dattijuwa 'yar zangon Kumasi da na haɗu da ita a shagon kayan miya na Cheetham Hill, muna rububin kuɓewa busasshiya. Ta fi shekara ashirin a garin. Ta ce a zamaninta kwalbar Lucozade ake cewa ki sayo ki zo da ita. Wannan ma ya faru, amma a 2017 kamfanin ya rage sukarin da ke ciki da kusan rabi, asibitoci suka koma ba da nasu haɗin.

Na buga lambar ungozomomi da ke bayan littafin awo na zayyana musu duka. Matar da ta ɗauka ba ta yi wa kowa dariya ba, amma a kan shawarar Inna ta tsaya sosai. Ta ce kwana ukun da ke gaban gwajin in ci abincina yadda na saba, da shinkafar da tuwon. Jikin da aka hana abinci mai sitaci na kwanaki yakan yi sanyi wajen fitar da insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, sai a watsa masa giram 75 lokaci guda ya kasa ɗauka, lamba ta hau, a rubuta wa mace ciwon da ba ta da shi. Wato dabarar ɓoyewar ita ce za ta iya jawo abin da ake gudu. In kuma an yi sa'a an ɓoye na gaskiya, to jaririn ne zai ci gaba da shan sukarin a ciki ba wanda ya sani. Ta ƙara da cewa ban da shayi, ban da cingam, ban da maganin ƙwannafi da safen, amma ruwa in sha sosai. Ta ce mata Musulmi da yawa kan zo ba su kurɓi ko ɗigo ba tun dare, sun ɗauka irin na Ramadan ne, sai jijiya ta ɓuya a yi ta soka allura ana nema. Goro ba ta san shi ba, ni na sa shi cikin jerin da kaina.

Yunwar ba ta dame ni kamar layin nan na ƙarshe ba, kada a zo da yara. Maigida aikin dare yake yi a gidan kula da tsofaffi, ba ya shigowa sai wajen tara. Babbar tana shiga makaranta tara saura kwata, ƙaramin kuma yana gida. A Tudun Wada wannan ba magana ba ce da za a zauna a tattauna. Ka leƙa katanga ka ce Maman wance ga yara nan. A nan na shekara ina gaisawa da maƙwabciyata ta bakin ƙofa ban san cikin falonta ba. Na daɗe ina juya wayar kafin na kira Anti, ina ta kewaye-kewaye. Ta katse ni: "Ke 'yar nan, ƙarfe nawa zan zo?" Bakwai saura ta ƙwanƙwasa ƙofa, cikin duhu da yayyafi, da ledar ƙosai a hannu. Ta ce na yara ne, ni in kau da kai.

A Disamba rana ba ta fitowa a Manchester sai bayan takwas, ta faɗi kafin huɗu. Na yi asuba, na sha ruwa kofi biyu, na hau bas ɗin nan mai launin rawaya na fam biyu, ciki na kuka, kowa a motar riƙe da kofin kofi.

Aka ɗebi jinin farko a hannu. Nas ta miƙo min kofi ta ce in shanye cikin minti biyar. Ruwa ne mai kauri da ƙanshin lemo, zaƙinsa kamar zoɓon biki da mutum biyu suka zuba wa sukari ba tare da sun san ɗayan ya zuba ba. Giram 75 ya fi sukarin da ke cikin gwangwanin Coca-Cola biyu, a kan cikin da ya kwana wayam. Ta gargaɗe ni cewa in na yi amai to gwajin ya tashi. Sannan ta nuna min kujera: ba yawo, ba hawa bene, ba zuwa kanti, domin tafiya na ƙona sukarin ta sauke lambar a kan ƙarya. Mu wajen takwas ne a ɗakin, 'yar Somaliya, 'yan Pakistan, wata Bayarabiya da ta gane ni daga ɗaurin ɗankwali, da Turawa biyu. Rabin awar farko zuciyata ta riƙa tashi, jaririn kuma ya hau tsalle. Bayarabiyar ta ce in riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan in daina kallon agogo. Da awa biyu ta cika aka ɗebi na biyu, kowa ta zaro abin da ta ɓoye a jaka. Ni ƙosan Anti ne, guda huɗu da ta cusa min a naɗe.

Washegari aka kira. Na yunwa ya yi kyau, amma na awa biyu 8.1 ya nuna. Ƙa'idar da hukumar NICE ta kafa wa Ingila a 2015 ita ce 5.6 ko sama da haka a jinin yunwa, ko 7.8 ko sama da haka bayan awa biyu. Ɗaya ya isa. Da na faɗa wa Yaya sai ta ce takwas kacal, ai ita nata ɗari da wani abu ne aka ce lafiya lau. Ma'auni ne ya bambanta, sai an ninka namu sau 18 ake samun nasu, 7.8 ɗinmu shi ne 140 ɗinsu. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2013, wadda ƙasashe da dama ke bi, ta sa iyakar awa biyu a 8.5, ta yunwa kuma a 5.1. Jinina ɗin nan, a wata ƙasar, da an sallame ni. Wata kuma mai 5.3 da yunwa a can za a riƙe ta, a nan a sallame ta. Na tayar da wannan a asibiti, likitar ta ce haka ne, masana ba su daidaita ba, haɗarin a hankali yake hawa tare da lambar, kowace ƙasa ta zaɓi inda za ta ja layi. Ban ji daɗin faɗawa ta wannan gefen ba, amma ban ga abin musu a maganarta ba.

Ita ce ta yi min bayanin da ya kwantar wa Inna da hankali. Ba shan zaƙi ne ya jawo ba. Mabiyiya ce ke fitar da sinadaran da ke rage ƙarfin insulin, kuma suna ƙaruwa a rabin ciki na biyu, shi ya sa ake jira sai mako 24. Sukarin da ya yi yawa yana tsallakawa wurin jariri, ya yi girman da kafaɗa kan maƙale wajen haihuwa, bayan an yanke cibiya kuma nasa sugan ya faɗi.

Cikin mako guda aka ba ni na'urar awo da tsinken huda yatsa, kyauta, don mai ciki ba ta biyan kuɗin magani a Ingila har shekara guda bayan haihuwa. Da safe a nemi ƙasa da 5.3, awa ɗaya bayan cin abinci ƙasa da 7.8. Takardar abincin da suka ba ni taliyar Turawa ce da dankali da capati, babu tuwo babu masa, don haka na'urar ce ta zama malamata. Kunu da safe, ko ba sukari, sai ya harba lambar sama. Biredi da shayi haka. Ƙwai da wake, ko alale, lafiya lau. Tuwon semo in bai wuce dunƙulen hannuna ba, da miyar kuka mai yawa da nama, yana wucewa, musamman in na zaga unguwa na kwata awa bayan na ci, cikin rigar sanyi biyu. Shuwaka da zogalen Inna sun samu wuri a tukunya a matsayin miya. Duk da haka lambar safe ta riƙa haurawa wajen mako 32, aka ɗora ni a kan metformin, irin wanda Inna ke sha, muka riƙa tuna wa juna ta waya.

An yi hoton ciki a mako 28 da 32 da 36 ana bin girmansa, aka kuma ce ba za a bar ni in wuce mako 40 da kwana shida ba. Bai jira hakan ba. Anti ce ta dama kunun kanwa, ta rage sukarin tana mita. Tsakanin mako 6 da 13 bayan haihuwa ana sake gwajin jini, shi ma da yunwa. Nawa ya koma daidai, amma likitan unguwa zai riƙa kira na duk shekara, domin wadda ta yi sugan ciki ta fi sauran mata haɗarin kamuwa da na dindindin.

Yanzu ƙanwarmu ce ke da ciki a Zariya, na fari. Uwa ɗaya muke, don haka abin da ya sa aka kira ni yana kanta. Na ce kada ta tsaya a gwajin fitsari, ta nemi na jini da bakinta in ta kai wata shida. Ta ce to Yaya, in ci ko kar in ci? Na ce ta fara tambayarsu wanne za su yi mata, na giram 50 ko na 75.