Ƙarfin gudun yau daga tuwon jiya yake

Ƙannena masu buga ƙwallo a filayen Agege da Idi-Araba, da masu shirin shiga gudun fanfalaki na Legas, akwai kuskuren da na daɗe ina yi a ƙuruciyata wanda ba na so ku maimaita. Na ɗauka nama da ƙwai ne kaɗai abincin ɗan wasa, sai na riƙa guje wa tuwo da shinkafa don kada jikina ya yi nauyi, har nakan fita atisaye da asuba cikina babu komai. Abin da ya biyo baya shi ne, da zarar an dawo daga hutun rabin lokaci sai ƙafafuna su mutu, kaina ya riƙa juyawa, ni kuwa ina ɗora laifin a kan zafin garin.

Abincin da ke da sitaci, kamar shinkafa da doya da dankali da burodi, yana narkewa ya zama sukarin da ake kira gulukos, jiki kuma ya adana shi a matsayin gilaikojin, kimanin giram 400 a tsokoki da kimanin giram 100 a hanta. Wanda ke cikin tsoka na wannan tsokar ne ita kaɗai, ba ta iya mayar da shi cikin jini, don haka rumbun cinya ba ya ciyar da hannu. Na hanta shi ke riƙe sukarin jini domin ƙwaƙwalwa, kuma yana raguwa sosai cikin barcin dare, wanda shi ne asalin jirin da nake ji.

Idan mutum yana tafiya a hankali, kitse yana ɗaukar kaso mai yawa na aikin. Amma idan ya zura da gudu, kitse ba ya ƙonewa da saurin da ake buƙata, sai tsoka ta koma kan sukari, tana farfasa shi cikin gaggawa ba tare da jiran iskar oksijin ba. Wannan hanya tana da sauri amma tana da ɓarna, domin ƙarfin da take samarwa daga kowace ƙwayar sukari bai kai kashi ɗaya cikin goma na wanda ake samu idan an ƙone ta da oksijin ba. Masana biyu na ƙasar Suwidin, Bergström da Hultman, sun nuna tun a shekarun 1960 cewa yawan gilaikojin da ke tsoka kafin a fara aiki yana da alaƙa da tsawon lokacin da mutum zai jure. Shi ya sa a tseren kilomita 42 irin gudun fanfalaki na Legas, wajen kilomita 30 ne ƙarfin mutane da yawa yake yankewa.

Saboda haka ku ci tuwo ko shinkafa ku ƙoshi tun daren jajibirin wasa, ku kuma ci abu marar maiƙo awa biyu zuwa uku kafin a fara. Idan wasan zai wuce awa ɗaya, ayaba ko dabino da ruwa a tsakiya suna taimakawa ƙwarai. Nama yana da amfaninsa wajen gyaran tsoka, amma bayan atisaye mai tsanani ku haɗa shi da abinci mai sitaci, domin tsoka tana buƙatar kusan awa 24 kafin ta mayar da abin da ta ƙone. Wanda yake da ciwon sukari kuwa, ya fara ganin likita kafin ya sauya tsarin cin abincinsa.