Waƙafi goma sha ɗaya da jan biro ya zagaye mini, da yadda na rabu da su

Jiya da daddare malamar da ke duba mini rubutun Turanci ta dawo mini da insha'ina, kuma karon farko ke nan cikin wata huɗu da ban ga jan biro ya zagaye waƙafi ko ɗaya ba. Akwai ja a wasu wurare, don na rubuta "their" inda ya kamata in sa "there", wannan kuwa sakaci ne irin na mai sauri. Amma waƙafi dai lafiya lau. Sai da na bi takardar da yatsa sau biyu kafin na yarda, har dariya ta kama ni ni kaɗai a ɗaki.

Ku da muke wannan fama tare kun san inda na fito. Insha'ina na farko bai wuce kalma 300 ba, ya dawo da zagaye goma sha ɗaya, kuma duk laifi iri ɗaya ne, wanda Turawa ke kira "comma splice", wato ka ɗauki tsayayyen ganga biyu, kowanne da aikau ɗinsa da aikatau ɗinsa, ka liƙa su da waƙafi kawai ba mahaɗi. Kuɗin darasi goma na biya, shida daga ciki a kan wannan kuskure guda suka ƙare. Har yanzu idan na tuna sai in ji ciwo, don da na so mu kai ga rubutun wasiƙar neman aiki kafin darussan su ƙare, ba mu ko leƙa can ba.

Abin haushin shi ne na san ƙa'idar. Mahaɗan nan bakwai, "for, and, nor, but, or, yet, so", ko daga barci aka tashe ni zan jero su. Idan aka ba ni jimlar wani in gyara, nan take nake ganin inda ta karye. Amma da na zauna rubuta tawa, sai hannu ya yi abin da ya ga dama. Ga irin abin da nake rubutawa: "The rain stopped, we went out, we found the road flooded." Idan na karanta, kunnena ba ya jin komai. Daɗi ma take yi mini.

Ranar da abin ya warware, gajiya ce ta sa na mayar da jimlar Hausa don in ga me nake son faɗa tun farko. "Ruwa ya ɗauke, muka fita, muka tarar hanya ta cika." Babu malamin Hausar da zai taɓa wannan jimla da jan biro. To me ya riƙe ta, tunda babu mahaɗi ko ɗaya a ciki? Na daɗe ina kallonta kafin idona ya faɗa kan "muka". Ka ce wa mutum "mun fita", ya ji magana ta cika. Ka tare shi haka kawai ka ce "muka fita", zai tsaya yana jiran abin da ya gabata ko abin da zai biyo. Shuɗaɗɗen lokaci na biyu, wannan na "muka, suka, kuka", da kansa yake ɗaure labari, kowane aiki yana riƙe da gindin na gabansa. Ashe a Hausa aikin ɗaurin yana cikin lamirin lokaci, waƙafi wurin shan numfashi ne kawai.

Turanci ba shi da wannan gatan. "We went out" siffarta ɗaya ce, ko ita ce farkon labari ko ta goma a jeri. Kowane lokaci ta fito, tsaye take da ƙafarta. Ni kuwa a kaina ina jin "muka", don haka ina jin ɗaurin da babu shi a takarda. Ga kuma "da" ɗinmu, wadda muke ɗauka ita ce "and". Sunaye take haɗawa, littafi da biro, ni da kai. Ba ma cewa "na shigo da na zauna" da nufin na shigo na zauna. Tun muna yara ba mu saba neman kalma tsakanin aiki da aiki ba, "kuma" in mun ga dama mu sa, in ba mu ga dama ba mu wuce.

Akwai abu na biyu da ya ƙara dagula mini. A Hausa dole in maimaita wakilin suna a kowane aiki, ba yadda za a yi in ce "muka fita, tarar hanya". Sai na kwashi wannan ɗabi'a na kai Turanci, ina sake rubuta "we" a gaban kowane aikatau, kuma duk "we" da na ƙara sabon tsayayyen ganga na haifa da hannuna. Da na gane haka, gyaran ya zo da sauƙi: "When the rain stopped, we went out and found the road flooded." Gangan farko ya zama dogarau saboda "when", ya karɓi waƙafinsa a ƙarshe, na ukun kuma na cire masa "we" ya koma ƙarƙashin na biyu. Yanzu duk inda na ji "muka" ko "suka" a kaina ina rubutu, sai in ɗaga biro in tambayi kaina me zai yi aikin ɗaurin a nan.

Wannan ya kashe takwas daga cikin sha ɗayan. Sauran ukun duk "however" ce, kuma ita ta fi ba ni wahala, don har gardama na yi a kanta.

Ni a wurina "however" ai "but" ce ta ci ado. Ma'anarsu ɗaya, amma, sai dai ɗayar ta fi kama da ta masu ilimi. Don haka nake rubuta "I studied hard, however I failed", in ji na burge. Malamar ta zagaye, na gyara ba tare da na yarda ba, mako na gaba na sake. Na ce mata idan "I studied hard, but I failed" daidai ce, da wane dalili za a hana 'yar'uwarta zama a kujera ɗaya? Ba ta yi dogon bayani ba. Cewa ta yi in gwada matsar da kowace kalma zuwa wani wuri a cikin gangan na biyu in gani.

Na gwada. "I, however, failed." Ta zauna. "I failed, however." Ta zauna. Na koma kan "but": "I but failed", "I failed but." Ko ni da kunnena bai gama nuna ba na ji ba su yi ba. "But" tana nan daram a tsakiyar gangunan biyu kamar ƙusa, ba ta motsi, shi ya sa take iya riƙe su. "However" kuwa yawo take yi cikin ganga ɗaya, kuma abin da ke yawo ba ya ɗaure komai. Bayanau ce, ma'anarta ce kawai ta yi kama da ta mahaɗi. Abin da ya ƙarasa zaunar mini da ita shi ne "kuwa" ɗinmu. "Ni kuwa na faɗi", "na faɗi kuwa". Tana nuna saɓani, tana sauya wuri, amma ba wanda zai ce ita ce igiyar jimla. Tun ranar na daina fassara "however" da amma a kaina, na koma fassara ta da kuwa.

Saboda haka gabanta sai aya ko waƙafi mai ruwa, bayanta kuma waƙafi: "I studied hard; however, I failed." Danginta duka haka suke, "therefore, moreover, nevertheless, otherwise, instead". Na rubuta su a bangon littafina na ciki, na ja layi tsakaninsu da bakwai ɗin can. Kwana uku da wannan nasara na sake faɗawa wani rami, don na rubuta "However, hard I tried, I could not sleep". A nan "however" nufinta komai yawan, komai ƙoƙarin da na yi, kuma ba ta son waƙafi a bayanta ko kaɗan. Kalma ɗaya, aiki biyu, waƙafi ne kaɗai ke raba su. Na ji kunya, amma wannan kunyar ta kwana ɗaya ce.

"Although" da "but" a jimla ɗaya ba su ɗauke ni lokaci ba. Mu muna cewa "ko da yake ya gaji, amma ya ci gaba", ba wanda zai ɗaga gira. Turanci ɗaya yake so, ko ta farko ko ta tsakiya. Haka "because" da "so". Kwana biyu na bar shi.

Sai kuma makon da na zaƙe. Da na ji daɗin waƙafi kafin mahaɗi, sai na bi kowace "and" ina manna mata, har da "She opened the window, and sat down". Ja ya dawo ta wata ƙofar. Dabarar da nake yi yanzu ta yara ce, amma tana aiki: in sa babban yatsa in rufe mahaɗin da duk abin da ke gabansa, in karanta sauran. "Sat down" ba ta da aikau, ba za ta tsaya ita kaɗai ba, to babu waƙafi. Abin da ke ɗan ba ni haushi shi ne ko gangunan sun cika, in gajeru ne sosai ana yarda a bar waƙafin, kamar "She sang and he danced". Marubuta labari ma suna yin wancan laifi nawa da gangan don jimla ta yi gudu. Na kawo wannan hujja, aka nuna mini cewa su sun san suna yi, ni kuwa sai an zagaye mini nake sani. Ban sami amsa ba.

Waƙafin da ke zuwa kafin "and" ta ƙarshe a jerin abubuwa, wanda ake kira da sunan madaba'ar Jami'ar Oxford, da na ɗauka rigimar masu lokaci ce, tunda wasu na sawa wasu ba sa sawa, kuma jaridu da yawa sun bar shi. Labarin jihar Maine ta Amurka ne ya sa na daina raina shi. Dokar jihar ta jero ayyukan da ba a biyan kuɗin ƙarin lokaci a kansu, jerin ya ƙare da "packing for shipment or distribution". Direbobin kamfanin madara na Oakhurst suka ce su rarrabawa suke yi, ba sa ɗaure kaya, kuma tunda babu waƙafi kafin "or", ɗaure kaya kaɗai dokar ta cire. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce lallai jimlar tana ɗaukar ma'ana biyu, ta karkata wajen direbobin, a 2018 aka sasanta a kan dala miliyan 5. 'Yan majalisar jihar suka sake rubuta jerin da waƙafi mai ruwa tun a 2017. Ni dai na zaɓi in riƙa sa shi ko'ina, don kada in tsaya tunani kowane lokaci.

Abin da ke gabana yanzu "because" ce bayan korewa. An koya mana ba a sa waƙafi kafin "because" idan ta zo a ƙarshe, na riƙe. Sai ga "I didn't call because I was angry". Na kira ko ban kira ba? Hausa ba ta barin mutum cikin wannan duhu, don "ba" ta biyu tana nuna inda korewa ta rufe: "ban kira ba, saboda ina fushi" daban, "ba don ina fushi na kira ba" daban. Turanci "not" ɗaya gare shi, babu mai rufewa, sai waƙafi ya karɓi aikin. Da waƙafi kafin "because", ban kira ba ke nan. Babu shi, mai karatu zai iya ɗauka na kira amma da wani dalili. A takarda na fahimta, hannuna ne ban amince da shi ba tukuna. Na rubuta jimla ashirin na Hausa, goma na kowane iri, na cakuɗa su, ina mayar da su Turanci ɗaya bayan ɗaya ba tare da duba littafi ba. Bakwai na yi daren jiya kafin barci ya ɗauke ni, kuma ta biyar ɗin tun yanzu ina zarginta.